Bayanin Yaya Ya Faɗi

Ofishinsu yana hawa na biyu na wani tsohon bene, a saman shagon masu gyaran firiji. Ɗaki ne dogo mai tagogi a gefe guda, da fanka mai ƙara kamar ana taunar ƙashi, da tebura da aka jera baki da baki. A can ƙurya, kusa da butar shayi, nan teburin Yaya yake. Na ƙanwarsa Auta yana fuskantar nasa, ta yadda in ta ɗaga kai daga kwamfuta, goshinsa take fara gani.

Aikinsu shi ne kula da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da suka haɗa wa wani kamfanin kai kaya gida-gida. A ofis Ɗan Aike suke ce mata. Mai kaya zai turo saƙo ya ce ina kayana, ko ya ce na tashi daga gidan da na ba ku, sai Ɗan Aike ya karanta, ya zaɓi abin da ya dace cikin kayan aikin da aka ba shi, ya aiwatar. Akwai na duba inda kaya suke, da na sauya adireshi, da na ɗage ranar kaiwa, da na soke aike gaba ɗaya, da wasu birjik. Sai dai Ɗan Aike ba ya ganin cikin kayan aikin nan. Abin da yake gani kawai shi ne ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne, layi uku ko huɗu. In bayanin ya fito sarai, ya ɗauki daidai. In ya yi duhu, ya ɗauki wani dabam, kuma da ƙarfin gwiwarsa.

Yaya ne yake rubuta bayanan. Auta ce take auna su. Takan tara saƙonni irin na mutane, masu ladabi da masu masifa da masu rubutu a birkice, ta zuba wa Ɗan Aike a wurin gwaji, ta ga abin da zai ɗauka. Bayanin da ya yi aiki ta sa masa kore, ya wuce. Wanda ya rikita Ɗan Aike ta sa masa ja, ya koma wurin mai shi.

Yaya ne ya kawo ta wannan aiki, kamar yadda shi ya riƙe ta tun bayan rasuwar iyayensu. Shekarun da ke tsakaninsu suna da yawa, har baƙi kan ɗauka babanta ne. Makonta na farko ya zaunar da ita ya ce, “Auta, ki ɗauka kin aiki baƙo mai ƙwazo wanda ba zai dawo ya tambaye ki komai ba. Bayani mai kyau zai gaya masa me abin yake yi, yaushe ake ɗaukarsa, yaushe ba a taɓa shi, me zai ba shi, me zai karɓo. In ɗaya babu, ki sa ja. Ko nawa ne.”

“Ko naka, Yaya?”

“Nawa ma ki fi tsananta masa.”

Amma nasa ba ya faɗuwa. A ofis Ƙamus ake kiransa. Dogo, mai haɗa kayan aikin da Yaya ke wa bayani, yakan ce in Yaya ya rubuta yadda ake hawa keke, akuya ma in ta karanta sai ta tuƙa.

Wata safiya Auta ta zuba saƙon gwaji na wata mata da ta ce, gobe ba na gida, ku kawo mini jibi. Ɗan Aike ya soke aiken ɗungurungum. Ta sake zubawa da wasu kalmomi, ya sake sokewa. Sai ta buɗe sabon bayanin da Yaya ya rubuta na ɗage rana, ta karanta:

“Yi amfani da wannan idan mai kaya ba ya son abin a ranar. Yana soke ranar. Ba shi lambar abin da kuma ɗayan.”

Ta karanta har sau uku. Ɗayan me? Ta ɗaga kai. Yaya yana can yana juya cokali a kofi, hankalinsa kwance. Ta ce a ranta gajiya ce, kowa yana da ranar da kansa ke cushewa. Ta goge, ta rubuta yadda shi da kansa zai rubuta a da: yana matsar da ranar kai kaya zuwa wata rana, aiken yana nan daram, kada a ɗauke shi idan mai kaya ya fasa, yana buƙatar lambar aike da sabuwar rana. Ta gwada, Ɗan Aike ya ɗauki daidai. Ta sa kore a ƙarƙashin sunan Yaya, ba ta ce wa kowa komai ba.

Bayan kwana biyu wani ya sake zuwa haka. Sannan wani. Wani lokaci jimlar takan fara lafiya lau, sai ta tsaya a tsakiya kamar an kira mai rubutun waje. Wani lokaci ya sa “karɓa” inda yake nufin “aika”. Kalmar “abin” ta cika ko'ina. Auta ta koma zuwa ofis kafin kowa, tana gyara nasa kafin ta taɓa nata. Manaja ma har ya tsaya a kansu ran nan ya ce, “Wa da ƙanwa, kun riƙe mana kamfani. Ja ya ɓace a gidan nan.” Yaya ya yi dariya. Auta ta sunkuyar da kai kamar tana neman wani abu a aljihun tebur.

A bakinsa ma abin ya fara fitowa. Suna cin abincin rana ya miƙa hannu ya ce wa Dogo, “Miƙo min abin nan.”

“Wane abu, Ƙamus?”

“Abin nan mana. Na... da ake...” Ya yi alamar barbaɗawa da yatsu.

“Gishiri? Yau Ƙamus an yage masa shafi!” Dogo ya ce, aka kwashe da dariya. Yaya ma ya yi, amma Auta ta ga yadda kunnensa ya motsa, irin motsin da yake yi in ransa ya ɓaci.

Ranar hutun ƙarshen mako ta je gidansa. Ya fita kai mota wurin bakanike, sai matarsa, wadda Auta ke kira Anti, tana guga a falo. Suka gaisa, Anti ta kashe dutsen guga, ta zauna a hannun kujera, ta daɗe tana kallon rigar da ke hannunta.

“Auta, tsakaninki da Allah, ya yayanki yake a wurin aiki?”

“Me kika gani, Anti?”

“Me ban gani ba? Shekaranjiya ya tsaya a ƙofar kicin yana so ya ce in ba shi tawul, sai da ya kama hannuna ya kai ni banɗaki ya nuna min ƙusar da ake rataye shi. Ya daina amsa waya in ba ke ba ce ko ni. Mutumin da in ya fara labari sai abinci ya huce, yanzu sai eh da a'a. Na ce mu je asibiti, ya ce ni ce nake neman asibiti. Kin san abin da yake kare kansa da shi?”

Auta ta girgiza kai.

“Ke. Cewa yake, mutumin da kansa ya taɓu ba zai rubuta abin da na'ura ke ganewa ba. Wai duk watannin nan ko ja ɗaya bai samu ba, kuma mai duba shi ba sani ba sabo take aiki, shi ya koya mata. Ya ce in ban yarda ba in tambaye ki. To ga shi na tambaye ki.”

Sai Auta ta gaya wa Anti komai. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta dai ninke rigar nan, ta warware, ta sake ninkewa, sannan ta ce, “Na san don shi kika yi. Amma ki gaya masa da bakinki. Ni ba zai ji daga gare ni ba.”

Ranar da aka koma aiki, Auta ta jira har aka tashi da yamma. Dogo ya rataya jakarsa ya fita, mai shara ta gama ta jingine tsintsiya. Yaya yana tattara kayansa ta ce, “Yaya, zo ka ga wani abu.”

Ya jawo kujera ya zauna gefenta. Ta buɗe bayanin da ya turo da safiyar nan, na sauya adireshi, yadda ya rubuta shi, ba ta taɓa ba.

“Karanta min, Yaya.”

Ya karanta a fili. “Wannan yana canza wurin. Idan mutum ya ce wurin ba shi ne ba, ba shi wurin. Kada a yi idan abin ya riga ya yi.” Ya dube ta. “To?”

Ta zuba saƙon gwaji: na koma gidan ƙanwata, ku kai can. Ɗan Aike ya tsallake kayan aikin sauya adireshi, ya ɗauki na duba inda kaya suke, ya amsa da fara'a cewa kayanki suna hanya. Ta zuba wani. Wannan karon ya ɗauki daidai, amma ya cusa tsohon adireshin a gurbin sabo.

Yaya ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya sake karanta layukansa, leɓensa yana motsi.

“Akwai rami a nan,” ya ce, ya ɗora yatsa a kan jimla ta biyu. “Ina ganinsa. Nan sai a ce...” Ya jawo madannan kwamfutar gabansa, ya ɗora yatsu a kai. Fanka tana ta ƙararta. A ƙasa wani yana buga ƙarfe a shagon firiji. Yatsun nan da Auta ta saba gani suna gudu kamar ruwan sama a kan kwano suka tsaya cak. Ya buga harafi biyu, ya goge.

“Na yau ne kawai,” ya ce. “Ban yi barci sosai ba.”

Sai ta buɗe masa sauran. Kowanne gida biyu: yadda ya turo a hagu, yadda ya wuce a dama. Ta riƙa saukowa a hankali. Bai ce ta tsaya ba, ita ma ba ta tsaya ba, har suka kai na farkon, na matar da ba ta gida gobe.

“Wa ya rubuta na dama?”

“Ni ce, Yaya.”

“Kika sa kore.”

“Eh.”

“Da sunana.”

Hawaye ya riga ya cika mata ido. “Na ɗauka gajiya ce. Na ce zai wuce. Ban so a...”

“Ni na koya miki haka?” Muryarsa ba ta ɗaga ba, ta ma yi ƙasa. “Kullum in buɗe in ga kore, in ce to, lafiyata ƙalau, bakina ne kawai yake... yake...” Ya daki teburin da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. “Matata tana kuka ina ce mata ta tambaye ki.”

“Ka yafe min, Yaya.”

Ya nuna allon da haɓa. “Sa masa.”

“Yaya...”

“Na yau. Sa masa abin da ya samu.”

Ta sa ja. Ya tsaya ya kalli jan nan a ƙarƙashin sunansa, sannan ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, ya sauka. Ya saba rage mata hanya kullum. Ran nan da ta leƙa ta taga sai ta ga motar ta fita daga layin, ita kuwa ta bi bas.

Kwanaki bai yi mata magana ba, gaisuwa ma da kai yake amsawa. Sai wata safiya Anti ta kira ta ce, “Ya ce ki shirya, da ke za mu asibiti.”

An yi ta yawo da su daga wannan ɗaki zuwa wancan, aka ɗauki hoton kai, aka ɗibi jini, aka ce su dawo. Da suka dawo aka tura su wurin wata likita mai furfura a gaban goshi, mai magana a hankali. Ta fito da wasu katuna masu zane, ta ɗaga ɗaya.

“Malam, mene ne wannan?”

Hoton makulli ne. Yaya ya gyara zama. “Ana buɗe ƙofa da shi,” ya ce. “Ana kuma rufewa. Kowace ƙofa da nata, in ka sa na wata ba zai juya ba, kada ka matsa, zai karye a ciki.”

“Haka ne. Sunansa fa?”

Ya kalli katin. Ya kalli Anti. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa, ya ɗora a teburin likita.

Ta ɗaga na almakashi, ya faɗi abin da ake yankawa da shi da abin da ba a yankawa, har ya gargaɗe ta kada ta bar shi kusa da yara. Sunan bai zo ba. Da aka ɗaga kati na gaba Auta ta ce za ta sha ruwa, ta fita, ta tsaya a bayan wata ƙofa kusa da inda ake ajiye kekunan marasa lafiya, ta toshe bakinta da gyale.

Likitar ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Ciwo ne da ke cin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe kalmomi. Hankalinsa yana nan, ya san kowa, ya san abin da yake so ya faɗa, hanyar fitowar ce take toshewa. A hankali yake tafiya, amma gaba yake yi, ba ya komawa baya. Akwai masu koyar da dabarun magana, za su taimaka ya daɗe yana amfani da abin da ya rage.

Auta ta yi ƙarfin hali ta tambaya, “Likita, da mun zo da wuri fa?”

“Da kun fara dabarun da wuri, kun kuma rage wa kanku zullumi. Amma ciwon, ko yaushe kuka zo, hanyarsa ɗaya ce.”

Suka shiga mota. Anti ce take tuƙi. Sun kusa gida Yaya ya miƙo hannu baya ba tare da ya juyo ba, ya kama yatsun Auta ya matse, ya saki.

Shi da kansa ya shiga wurin Manaja ya faɗa masa, ya hana Auta ta raka shi. Manaja mutumin kirki ne, ya ce ya zauna ya riƙa karanta na wasu, tunda idonsa yana ganin rami ko da hannunsa ba ya iya cikewa. Haka aka yi na ɗan lokaci. Aka ɗauko wata sabuwar ma'aikaciya mai gilashi tana rubutawa, Yaya yana bi da yatsa, inda ya tsaya ya ƙwanƙwasa tebur, in Auta ta gwada sai ta tarar nan ɗin ne Ɗan Aike yake tuntuɓe. Dogo ya daina tsokanarsa, ya koma zuba masa shayi yana yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Wannan ya fi tsokanar yi wa Yaya ciwo. Ran nan ya kama hannun rigar Dogo ya ce, “Kai. Yi... yi dariya. Kamar da.” Dogo ya yi ƙoƙari, dariyar ta fito a karkace, ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Daga baya karatun ma ya fara gagara. Yakan kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Wata rana ya ƙwanƙwasa a kan bayanin da ba shi da aibi ko kaɗan, Auta ta gwada a gabansa, Ɗan Aike ya ɗauki daidai kowane karo. Ta dube shi ta ce, “Wannan ya wuce, Yaya.” Ya gyaɗa kai. Washegari bai zo ba, kuma bai sake zuwa ba. Anti ce ta zo ta kwashe kofinsa da hoton 'ya'yansu da wata tsohuwar rigar sanyi da ke rataye a bayan kujera.

Auta ta ci gaba da zuwa gidan duk ƙarshen mako. Yana gane takunta tun daga ƙofa, fuskarsa ta washe. Sunanta ne ya daina zuwa. Yakan ɗaga hannu ya auna tsayin ƙaramin yaro daga ƙasa, ya nuna ta, ita kuma ta ce, “Ni ce, Yaya, na zo.”

Shekara ta juyo, kamfanin kai kaya ya sauya tsarinsa gaba ɗaya. Dogo ya haɗa sababbin kayan aiki, mai gilashi ta rubuta musu bayani, Auta ta auna, ta mayar da wasu, sauran suka wuce. Yarinyar ta iya aiki, ba abin da za a ce. Manaja ya zo ya tsaya a gefen teburin Auta yana sosa ƙeya.

“Tsofaffin bayanan nan sai a cire su, kada Ɗan Aike ya riƙa ganin biyu yana rikicewa. In ba za ki iya ba, in sa Dogo.”

“Zan yi, yallaɓai.”

Akwai waɗanda Yaya ya rubuta tun kafin ta zo kamfanin, ba a taɓa sauya musu ko waƙafi ba. Ta karanta kowanne daga farko har ƙarshe kafin ta cire shi. Babu mai hanzarta ta. Da ta gama ta rufe kwamfuta, ta ce wa mai gilashi yau za ta riga ta tashi.

Ta so ta gaya wa Yaya da bakinta cewa ta cire bayanansa, ko zai gane ko ba zai gane ba. Da ta isa gidansa ta tarar yana barci a kujerar falo, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa a kan cinyarsa, takalminsa ɗaya ya zame. Anti ta fito daga ɗaki rungume da wanki, ta ɗora yatsa a leɓe.

“Yanzu ya samu barcin,” ta raɗa. “Yau da rigima ya wuni. Wani abu yake so, na kawo wannan na kawo wancan, duk ba shi ba ne. Har yanzu ban san mene ne ba.”

Auta ta ajiye jakarta, ta durƙusa ta zare masa ɗayan takalmin a hankali. Anti ta zube wankin a kan tabarma, suka zauna su biyu suna ninkewa, ita tana miƙo hannun riga, Auta tana kama ɗayan.